Motar lakwal a Amurka: yarinya guda ta tsayar da gingimari

Ƴan uwa na Yamai, ina gaishe ku, da fatan yara sun koma lakwal lafiya.

Wajen bakwai saura na safe, a wata hanya mai hannu biyu a jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar suke da yawa musamman a Girinsboro, motar lakwal mai ruwan ɗorawa ta kunna fitilunta na sama, ta rage gudu, ta tsaya. Fitilun suka koma ja, wani allo ja mai kusurwa takwas ya buɗe daga gefenta na hagu, wani dogon sanda ya miƙe daga gabanta. Gingimari da ta taho daga ɗaya hannun cike da kaya ta taka birki, motocin bayanta suka jeru. Babu ɗan sanda a wurin, babu wutar hanya, kuma ba wanda ya danna oda. Duk wannan tsayuwa don yarinya guda ce da ba ta wuce shekara shida ba. Ita ma ba ta sa ƙafa a gudron ba sai da direba ya ɗaga mata tafin hannu alamar ta jira, ya duba madubai, ya ɗaga babban yatsa, sannan ya nuna mata ta tsallako. Har ta zauna, allon bai rufe ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe hannun yaro a bakin Bulbar Mali Bero da safe, wannan abu sai ya tsaya masa a rai.

Kada ku ce kirkin mutanen ne kawai. Doka ce mai cizo. A wannan jiha, wanda ya wuce motar lakwal alhali allonta a buɗe, tararsa ba ta kasa dala 500 ba, dalar Amurka nake nufi, wato kusan jika 300, kuma a rubuta masa maki 5 na laifi a kan permi. In ya buge mutum, laifin ya zama babba, tarar ta fara daga dala 1,250. In an rasa rai, daga dala 2,500, ban da abin da alƙali zai ƙara. Masu tahowa daga ɗaya hannun ba a ɗauke musu tsayawa sai in akwai shinge ko tsiri a tsakiyar hanya, ko hanya ce mai layi huɗu da ƙarin layin juyawa a tsakiya. Da yake ana samun masu taurin kai har a can, motoci da yawa na ɗauke da kyamara kusa da allon, tana ɗaukar lambar mai laifi.

An tsananta ne domin hatsarin ba a cikin motar ya fi yawa ba, a wajen hawa da sauka yake. Mita uku kewaye da motar, direba ba ya ganin ƙaramin yaro da kyau, shi ya sa aka sa sandan nan na gaba, ya tilasta wa yaro ya yi nisa kafin ya gitta. Ana koya wa yara cewa in littafi ya faɗi ƙarƙashin mota, kada su sunkuya, su gaya wa direba. Motar ba ta wuce mil 45 a awa da yara a ciki, kamar kilomita 72, kuma tana tsayawa a kowace mahaɗar hanyar jirgin ƙasa ko da babu jirgi. Launin nata ma tun taron da wani masanin harkar ilimi, Frank Cyr, ya haɗa a New York a 1939 aka daidaita shi, don ido ya kama shi da asuba da kuma yamma.

To amma ba kowane yaro ke shiga ba, kuma a nan namu ke shan wahala. Ma'aunin jihar mil ɗaya da rabi ne, kilomita 2.4 ke nan tsakanin gida da lakwal. Wanda ya kai haka yana da kujera kyauta, kuma ana tsara hanyar motar ta bi kusa da shi, kada ta wuce mil guda daga gidansa. Wanda bai kai ba, ba dole ba ne a ɗauke shi. Gida biyu a layi guda, ɗan wannan ya shiga mota, ɗan wancan ya taka, don awon ya yanke a tsakaninsu. Yawanci da kwamfuta ake awon, bisa adireshin da uba ya rubuta ya kuma tabbatar da takardar haya ko ta kuɗin wuta. Baƙon da ya sauka gidan ɗan uwa ba shi da ko ɗaya da sunansa, sai an yi ta kai da kawo da takardu. Wanda ya sake gida bai sanar ba, mota za ta ci gaba da tsayawa a tsohuwar unguwa. Wanda ya zaɓa wa ɗansa lakwal da ba ta yankinsa ba, sau da yawa ya rasa motar ke nan. Ɗan ajin farko kuwa, a wurare da yawa in babu babba a wurin sauka ba za a sauke shi ba, lakwal za a maida shi, a kira uwar da ke tsakiyar aiki.

Akwai ƙofa guda da mutanenmu ba su cika sani ba. In gida na kusa amma hanyar na da hatsari, misali babu gefen masu tafiya ƙasa, ko sai yaro ya tsallaka babbar hanya ko hanyar jirgi, uba na iya rubuta ƙorafi ga ofishin sufurin lakwal. Za a turo wanda zai duba yawan motoci, gudunsu, faɗin gefen hanya, da nisan da direba ke hango mai tsallakawa. In an tabbatar, yaron ya sami kujera. Yaro mai naƙasa da wanda iyayensa suka rasa matsuguni suna da nasu haƙƙi dabam.

Abin haushi bai ƙare ba. Tun bayan korona direbobi suka yi ƙaranci a Amurka, mota guda na yin sawu biyu ko uku, wata rana ta makara, wata rana a aiko saƙo a waya cewa ba za ta zo ba. Lokacin sanyi yara na tsaye a duhu, numfashinsu na fita kamar hayaƙi, kuma in yaro ya makara minti biyu ba mai jiransa. Unguwanni da yawa an gina su don mota ce, gefen tafiya babu, layi shiru, ƙofofi a rufe. Yaro zai yi tafiyar minti ashirin bai gamu da wanda ya san sunan ubansa ba. A nan ne kewar gida ke kama mutum. A Bukoki ko Wadata, mai ƙosai ta san ɗan wane ne wannan, mai shayi zai daka masa tsawa in ya nufi gudron da gudu, samarin fada sun san wanda ya tsere daga aji. Ɗa na kowa ne har yanzu a wurinmu, su kuwa da albashi suke ɗaukar mai tsallakar da yara.

Shi ya sa sakacinmu ya fi ciwo. Muna da idanun, ba mu da tsarin. Uba ya ɗora yara huɗu a babur, ɗaya a kan tanki, ba hular kwano ko guda. Faba-faba ya tsaya inda ya ga dama, ya sauke yaro a tsakiyar hanya, yaron ya ɓullo ta gabansa inda mai tahowa ba ya ganinsa. Masu tebur sun cinye gefen hanya, dole ƴan lakwal su sauka gudron. Wanda ya rage gudu don yaro ya wuce, na bayansa ya cika shi da oda har da zagi. In abu ya faru mu ce ƙaddara, alhali kowa a unguwar ya san wannan kwana tun shekaru.

Ga lissafin da ya kamata kowane mai mota ya haddace. Mai gudun kilomita 30 a awa, daga ganin yaro zuwa tsayawa, yana cin kamar mita 13. Mai gudun 50 yana cin kusan mita 28, kuma a mita 13 ɗin nan ƙafarsa ba ta ma kai ga birki ba. A busasshen gudron mai tsabta ke nan. Namu da rairayi ya lulluɓe, tazarar ta fi haka. Saboda wannan Hukumar Lafiya ta Duniya ke neman kilomita 30 a inda mutane da motoci ke cuɗanya.

Motocin ruwan ɗorawa sun fi ƙarfin aljihunmu a yanzu, na yarda. Amma rabin aikinsu na can ba mota ba ne. Tun 2005 gwamnatin Amurka ta ware kuɗi don amintattun hanyoyin zuwa lakwal, dabarar da aka faro a Odense ta ƙasar Danmak, kuma farkonta takarda ce da alƙalami. Kwamitin kula da lakwal da ƙungiyar iyaye su bi hanyoyin da ƙafa, a daidai lokacin shiga da na tashi, ba da rana tsaka ba, su rubuta inda yara ke tsallakawa da gaske. A zaɓi wuri guda na tsallakawa inda ake hangen nesa ta hannu biyu, a kai wa magajin gari buƙatar tudun rage gudu da fenti, a sa babba da riga mai ƙyalli da allo. In ƙofar lakwal na kallon babbar hanya, a huda wata ta layin baya. Inda babu gefen tafiya, yara su bi hannun hagu suna fuskantar motoci.

Sai ayarin ƙafa, wanda can suke kira motar lakwal mai tafiya ƙasa: hanya sananniya, wuraren haɗuwa uku ko huɗu, lokaci tsayayye, babba a gaba babba a baya. Ana so babba guda ga yara shida, in ƴan shekara 4 zuwa 6 ne babba guda ga uku. Abin da ke kashe shi shi ne ranar da mai aikin ya tafi suna ko jana'iza bai bar kowa ba, yaran suka jira suka gaji suka tsallaka su kaɗai. Don haka tun ranar farko a rubuta wa kowace safiya mutum biyu, da mai aiki da mai maye gurbinsa, a liƙa takardar a ƙofar lakwal, a ba direkta kwafi.