Sharhi: Fitar yini ɗaya zuwa duwatsun Birnin Kudu

Akwai wasu matasa a Kano da suke haɗa yawon buɗe ido na yini ɗaya. Ka kama kujera ta WhatsApp, su kuma su kawo bas da abincin rana da mai yin bayani. Na bi su zuwa Birnin Kudu a Jihar Jigawa don ganin zanen da mutanen da suka yi a jikin duwatsu, kuma duk da ƙorafin da nake da shi, kuɗina bai tafi a banza ba.

An ce a hallara ƙarfe bakwai, amma sai da hantsi ya dubi ludayi muka bar gari. Motar dai lafiyarta ƙalau, direban ma ba mai ganganci ba ne. Muka haye gadar Wudil, muka wuce Kwanar Huguma, muka isa rana ta fara zafi.

Wanda ya ceci tafiyar wani dattijo ne ɗan garin da suka ɗauko ya zagaya da mu. Zanen da ke Dutsen Habude da Dutsen Mesa ba irin wanda za ka hango daga nesa ba ne. Jan launi ne da ya koɗe a ƙarƙashin rumfar dutse, in ba a nuna maka ba wucewa za ka yi. Baba ya sa muka tsuguna, ya bi layin bayan wata saniya da tsinke ba tare da ya taɓa dutsen ba, ya ce, "'Ya'yana, ina tozonta?" Babu. Shanun da aka zana masu dogayen ƙahoni ne marasa tozo, ba irin bunajin da ake kaiwa kasuwar Wudil ranar Juma'a ba. Ke nan masu zanen sun san wasu irin shanu da yanzu ba a kiwonsu a wannan yanki. Wani Bafulatani a cikinmu ya daɗe yana kallo yana girgiza kai.

Sai kuma duwatsun kiɗa. Baba ya ɗauki dutse daidai tafin hannu ya buga a gefen wani falalen, sai ga ƙara siririya kamar ta ƙararrawa. Ya matsa kaɗan ya sake bugawa, murya ta canja. Gurbin da ake bugawa duk ya lotsa ya yi sumul saboda daɗewar hannu a kansa. A nan Birnin Kudu ne Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya gano irin waɗannan duwatsu a 1955 har ya sanar da masana. Mutanen gari kuwa sun riga shi sani, yaransu ma suna wasa da su.

Abin da ya ɓata min rai shi ne sunayen da wasu baƙi suka rubuta da gawayi da fenti dab da zanen. Haba jama'a! Sannan masu shirya tafiyar suka yi ta azalzalarmu, wai sai mun biya ta garin Dutse. Muka bar Baba da sauran labari a baki, Dutsen Murufu ma ba mu leƙa ba, muka je Dutse muka tsaya daga waje muna kallon fadar Sarki a Garu, don ba su nemi izinin shiga ba tun farko. Dabinon da na saya a can ne kawai ribar wannan ratse.

Shinkafa da wake da mai da yaji da suka raba ta ƙosar, ruwa ne ya yi kaɗan. Mai niyyar zuwa ya riƙo nasa, ya sa takalmi mai kama ƙasa, don silifas yana zamewa a kan falalen. A kuma ware wa mai zagayawa da ku wani abu na daban, domin na tambaya aka ce ba ya cikin kuɗin kujera.