Famfon Bosch 010 a kan E55 AMG: abin da na gani a zafin Kano

Duk mai Mercedes E55 da yake shirin sa babban fuli (ƙafar da bel ke zagayawa a kai) don ƙara wa sufacaja, na'urar da ke cusa wa injin iska, ƙarfi, shawarata ya fara duba famfon da ke zagaya da ruwan intakula, wato abin da ke sanyaya iskar kafin ta shiga injin. Ƙaramin abu ne, hannu ɗaya ya ishe shi, amma idan ya gaji, kuɗin fuli da na gyaran ƙwaƙwalwar mota duk sun tafi a banza.

Tawa ƙirar W211 ce, cikin waɗanda Mercedes ta ƙera tsakanin 2003 da 2006, mai injin M113K, silinda takwas, lita 5.4, doki 476 daga kamfani. Na saye ta 'yar Beljiyam, kuma wanda ya riƙe ta a can ya riga ya sa mata fulin ƙasa mai milimita 180. Da asuba ko bayan isha'i motar kamar ta tashi sama. Amma da azahar a watan Afrilu, in na fito daga cunkoson titin Zariya na samu fili na taka totur, sai ta yi nauyi, kukan sufacaja ya ɗauke ɗif, kamar an sauya min mota.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Sufacaja matsa iska take yi, iska kuma in aka matsa ta zafi take ɗauka. Babban fuli yana sa ta juya da sauri fiye da yadda aka tsara, zafin ya ƙaru. A wannan injin intakula tana kwance ƙarƙashin sufacaja, a tsakiyar injin inda zafi ke da yawa, ruwa ne ke ratsa ta ya kwashe zafin ya kai shi wani ƙaramin lagireto a bayan bamba. Famfon lantarki ne ke tura ruwan. In ruwan bai gudu ba, iskar da ke shiga silinda ta yi zafi, ƙwaƙwalwar mota ta ja da baya wajen kunna wuta don kada injin ya fara ƙwanƙwasa, in abin ya yi yawa ta saki kulocin sufacaja gaba ɗaya. Kare fistin take yi, ba lalacewa ta yi ba. Ga shi man da muke sha a gidajen mai bai kai ingancin wanda aka tsara wa motar ba, don haka mu tazarar da muke da ita kafin ƙwanƙwasa ta fi ta Bature ƙanƙanta.

Da na jona na'urar OBD mai karanta bayanan injin da wayata, zafin iskar da ke shiga injin yana haura digiri 75 bayan taku ɗaya mai ƙarfi, kuma ya ƙi sauka ko da ina tafiya a fili. Rashin saukar nan ita ce alamar. Bakanikena ya cire tayar gaba ta dama da robar da ke bayanta, ya ɗora yatsa a kan tsohon famfon. Yana gurnani, sai ka rantse aiki yake. Ya ƙwanƙwasa shi da gindin sukundireba, sautin ya canza, sannan ya mutu. "Alhaji, wannan ai numfashi kawai yake yi," in ji shi. Ban ga laifinsa ba, famfo ya kusa shekara ashirin yana juyi.

Sabon da na sa shi ne Bosch mai lamba 0 392 022 010, wanda masu irin wannan mota ke kira 010 kawai. Ya zauna a gurbin tsohon ba tare da yanke-yanke ba, tiyo biyu da soket ɗaya. Sa shi ba wuya. Wuyar tana wajen fitar da iska daga hanyar ruwa, kuma a nan yawancin mutane ke faɗuwa su dawo suna cewa famfon banza ne. Akwai ɗan bakin da aka toshe a saman layin ruwan kusa da gaban sufacaja. Mun sa masa tiyo mai haske muka mayar da shi cikin tankin ruwa, rewaya ya ba famfon wuta kai tsaye injin na kashe. Da farko kumfa ce zalla take fitowa, fara fat, tana tofarwa tana tsayawa. Yaron shago har ya fara cewa ya isa. Oga ya daka masa tsawa. Sai da ruwan ya koma gudu sumul ba ƙwayar kumfa ko ɗaya muka rufe. Irin wannan famfon ba ya iya jan iska. In kumfa ta taru a cikinsa, juyawa kawai zai yi a wofi.

Sakamako: a tsakar rana, zafin waje na kusan digiri 40, iskar shiga tana zama tsakanin 52 da 56 in ina tafiya. In na taka tana hawa sittin da wani abu, amma kafin in kai shataletale na gaba ta dawo. Sufacaja ba ta sake ɗaukewa ba. Ƙararsa ba ta damun kowa, sai ka kashe rediyo ka kasa kunne.

To, kada wani ya ɗauka famfo ƙanƙara yake yi. Ruwa ba zai taɓa yin sanyi ƙasa da iskar da ke bugun ƙaramin lagireton ba, iskar Kano a bazara kuwa kowa ya san ta. A cunkoso, esi a kunne, lamba tana rarrafawa sama duk da sabon famfo, domin ba iska mai ratsa gaban motar. Wannan ba aikinsa ba ne. Abin da ya ƙara taimaka min shi ne raba ruwan intakula da na injin, saboda daga kamfani tanki ɗaya suke sha. Muka sa masa ɗan tanki nasa daban. Tunda mu ba ma fama da daskarewar ruwa, na rinjayar da ruwan batir, wato tataccen ruwa marar asid, a kan maganin lagireto, don ruwa zalla ya fi kwasar zafi, na bar maganin daidai yadda zai hana tsatsa. Ruwan rijiyar burtsatse kam kada a kuskura, farar ƙasa zai tara a cikin intakula. Bayan hunturu kuma a wanke haƙoran ƙaramin lagireton, ƙurar da ke maƙalewa ciki ba kaɗan ba ce.

Na kuma gwada wani babban lagireto marar suna da na yi oda ta intanet. Walda ta tsage, ya fara ɗiga, na cire na mayar da na asali. Zan nemi mai kyau nan gaba.

Wajen saye a buɗe ido, jabu sun cika kasuwa, har kwalin suke kwaikwaya. Wani a Ƙofar Ruwa ya miƙo min ɗaya a rabin kuɗi, babu nauyi a hannu, rubutun jikinsa ɗan yatsa na goge shi. Na bar masa kayansa, na jira na gaske ya iso.