Wane gawayi za ka saya don tace ruwan rini?

Wani marini a Maiwurno, wani gari a ƙasar Sudan, ya kai ni bayan gidansa, inda yake zubar da ruwan rini. Ƙasar ta yi ja wur kamar an yanka rago, ga kogi ba nisa. Ya ce, "Malam, an ce gawayi na shanye launi. Na kasuwa zai yi?"

Zai yi, amma kaɗan. Gawayin girki, ko da na itacen miskit ne da ya addabi yankunan Kasala da Tokar, ƙofofin jikinsa a toshe suke, nan da nan yake ƙoshi. Arha ce kawai gare shi.

Wanda ya cancanci kuɗinka shi ne wanda aka gyara da sinadari. Ana ƙona ɓawon gyaɗa ko karan auduga, abin da jihar Jazira ba ta rasa ba, a zafin digiri 300 zuwa 700 ba tare da iska sosai ba, a haɗa da sinadarin KOH (potassium hydroxide) ko asid na fosforik domin ƙofofin su buɗe. Mai kyau, giram ɗaya kan kai faɗin murabba'in mita 1,000 a cikin ƙofofinsa, inda launi ke maƙalewa. To amma a nan ake yin asara: kowane gawayi da launin da yake kamawa. Na KOH gwani ne a kan launuka irin su methylene blue, wani launi shuɗi. Launin auduga na zamani kuwa, wanda ake haɗawa da soda, taurin kai gare shi, sai an karya kaifin sodar tukuna, kuma gawayin da aka sa wa ƙarfe ya fi kama shi. Wannan har da maganaɗisu ake tsamo shi daga ruwa, ba sai ka yi ta tacewa da tsumma ba.

Na kamfani da ake shigowa da shi daga waje ya fi tabbas, sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 samunsa ya zama aiki.

Mai rinin baba kada ya yi gaggawa. Shuni na kwanciya in ya sha iska, alif ma ya rage masa aiki.

Ni dai ba na biya sai na gwada. Cika kwalba da ruwan rininka, zuba cokali ɗaya, girgiza, ka bar shi ya kwana. In mai kaya ya ƙi ba ka cokalin gwaji, wuce gaba. Ruwan kuma ko ya yi garau, ba na sha ba ne.