Tallafin Naira Dubu Biyar: Sharhi Kan Shirin da Ya Kai Kuɗi Hannun Matan Karkara

Na daɗe ina bibiyar shirin nan na gwamnatin tarayya na ba talakawa tallafin kuɗi kai tsaye, kuma dalilin bibiyar tawa na cikin gida ne, domin gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da riƙon jikoki huɗu a ƙauyenmu, tana cikin matan da aka rubuta sunayensu tun a shekarun farko. Saboda haka wannan sharhi na wanda ya ga kuɗin yana shiga gida ne, ya kuma ga abin da aka yi da shi, tare da abin da ya tabbata a bainar jama'a game da yadda aka tafiyar da shirin.

Gwamnatin Muhammadu Buhari ce ta ƙaddamar da shi a 2016, a cikin jerin shirye-shiryen da suka haɗa da N-Power da ciyar da 'yan makaranta, kuma a shekarar ce Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 domin tafiyar da shi. Daga baya aka zuba masa dala miliyan 322.5 na kuɗin da ƙasar Suwizalan ta maido wa Najeriya daga dukiyar da aka wawure a zamanin Janar Sani Abacha, bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a watan Disamban 2017, shi ya sa a wasu wurare za ka ji mutane suna kiransa kuɗin Abacha. Tsarinsa a wancan lokaci ba shi da wuyar fahimta: kowane gida da aka zaɓa yana da naira 5,000 a wata, ana haɗa na wata biyu a ba da 10,000, kuma ana damƙa shi ga mai kula da gidan, wadda a mafi yawan lokuta mace ce. A lokacin da shirin ya kai ƙololuwarsa, gidajen da ke karɓa sun kusa miliyan biyu. Idan aka tuna cewa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma kashi 72 cikin ɗari na mazauna karkara suna ciki, za a ga cewa tun daga tushe bargon ya yi wa jikin kaɗan.

Abin da ya fara burge ni shi ne hanyar zaɓe. A ƙa'ida, ba daga Abuja ake aiko da sunaye ba. Ana tara mutanen gari ne, maza daban, mata daban, matasa daban, a tambaye su wane ne talaka a ganinsu, sannan su da kansu su ambaci gidajen da suka dace, kafin ma'aikata su bi gida-gida su tabbatar, a shigar da su rajistar ƙasa ta masu ƙaramin ƙarfi. Wannan dabara tana da ma'ana, domin a ƙauye kowa ya san gidan da rumbunsa ke ƙarewa tun kafin ruwan farko, da gidan da ake kwana biyu ba a ga hayaƙi ba. Raunin ta kuwa shi ne, wanda ya fi kowa talauci sau da yawa shi ne wanda ba ya zuwa taro, ko kuma idan ya zo kunya ba ta barinsa ya buɗe baki a gaban dagaci da masu unguwanni. Har ila yau rajistar ba ta tsira daga zargi ba, domin a watan Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta fito fili ta ce ba ta amince da sahihancinta ba. Ina ganin a maganar gwamnonin akwai gaskiya, akwai kuma son a mayar da rubuta sunaye hannunsu.

To, me naira 5,000 ke yi a wata? Idan aka raba ta kwana talatin, ba ta kai naira 170 a rana ba, idan kuma gidan mutum bakwai ne, kowa ba zai samu naira 25 ba. Wanda ya tsaya a wannan lissafi zai ce wasa ne, kuma nan ne mutanen birni da yawa suka yi kuskure, domin darajar kuɗi a karkara tana da alaƙa da lokacin da ya zo fiye da yawansa. Kowa ya san cewa wahalar manomi talaka ba a rani take tsanani ba, a tsakiyar damina take, daga Yuli zuwa Agusta, lokacin da hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, farashin tiya ya kai maƙura, ga zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara. A wannan lokaci ne magidanci ke barin gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago gonar wani domin ya samo abin da za a tuƙa da dare, kuma duk ranar da ya yi a gonar wani, amfanin tasa gonar ne ke raguwa. A lokacin ne kuma ake cin bashin da za a biya da hatsi a kaka, sa'ad da hatsin ya fi kowane lokaci araha, ta yadda mai bashi zai kwashe damma masu yawa a kan kuɗi kaɗan, shekara mai zuwa rumbu ya sake ƙarewa da wuri. Wannan zagaye ne ke riƙe gida cikin talauci shekara da shekaru.

Naira 10,000 da ta shigo a irin wannan lokaci tana yanke zagayen a wuri ɗaya. Na ga haka a gidan gwaggo a damina biyu a jere: ta sayi dawa da gero na 'yan makonni, babban jikanta ya tsaya ya yi maimai a gonarsu maimakon ya tafi ƙwadago, kuma da kaka ta zo ba wanda ya tsaya musu a bakin gona yana jiran a biya shi. Ba su yi arziki ba, tuwon ma da miyar kuka aka ci gaba da cinsa, amma hatsinsu ya kai su wata guda ko fiye a kan inda yake kai su a da. A nan, a ganina, shirin ya cancanci yabo mafi girma, kuma irin amfanin ne da ba ya fitowa a hoton da ake ɗauka ranar biya.

Ba wa mata kuɗin ma shawara ce da ta yi daidai. An yi ta cewa maza za su ƙwace, kuma ba zan musanta cewa an samu gidajen da hakan ta faru ba, amma al'adarmu ta riga ta san cewa dukiyar mace tata ce, akuyarta da kajinta da kuɗin sana'arta, kuma mijin da ya taɓa su ya san bashi ya ci. Shirin ya ƙarfafa wa matan gwiwa su kafa ƙungiyoyin tara kuɗi, abin da ba baƙo ba ne ga waɗanda suka tashi cikin adashi. Gwaggo da wasu mata tara sun riƙa zuba naira dubu-dubu duk ranar biya, da kwasarta ta zo ta sayi akuya, wata maƙwabciyarta ta ƙara jarin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wata kuma ta biya kuɗin da ake binta a shagon magani. Maganar da ake yawan yi cewa kuɗin kyauta yana sa lalaci ko almubazzaranci ban ga alamarta ba, kuma binciken da aka yi a wasu ƙasashe ya zo daidai da abin da na gani. A yammacin Kenya, inda ƙungiyar GiveDirectly ke tura wa talakawa kuɗi ta wayar salula ba tare da sharaɗi ba, masu bincike sun tarar cewa kuɗin da ake kashewa a giya da taba bai ƙaru ba, cewa masu karɓa wata-wata sun fi inganta cimarsu, masu karɓa a dunƙule kuma sun fi sayen kadara irin su rufin kwano. Wanda bai taɓa riƙe naira dubu goma tasa ta kansa ba ya fi kowa sanin inda zai sa ta.

Inda shirin ya gaza kuwa, gazawar tana da nauyi. Na farko shi ne jinkiri. Sanannen abu ne, kuma masu sa ido da jaridu sun sha bayyana shi, cewa a jihohi da dama an riƙa shafe watanni ba a biya ba, sai daga baya a haɗa a bayar, ko kuma a yi shiru. Ga ma'aikacin gwamnati jinkirin albashi damuwa ce, amma ga gidan da ya dogara da wannan ɗan kuɗi, jinkiri yana rushe ainihin amfanin abin. Matar da ta san ranar biya za ta iya shiga adashi, mai shago zai ba ta bashin gishiri da sabulu, za ta iya ƙin sayar da akuyarta a lokacin marka. Matar da ba ta sani ba dole ta koma ga tsohuwar hanya, kuma naira 20,000 da ta zo a watan Disamba, bayan an riga an ci bashin an biya da hatsi, ba ta kai darajar 10,000 da ta zo a Agusta ba.

Na biyu shi ne yadda aka bar adadin a wuri ɗaya tsadar rayuwa tana cinye shi. A 2017, da dala take wajen naira 305 a canjin gwamnati, naira 5,000 ta kai dala 16. A cikin waɗannan shekaru an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga 18,000 zuwa 30,000 a 2019, sannan zuwa 70,000 a 2024, alhali tallafin talaka ya shafe shekarunsa yana nan a 5,000. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gwamnatin Bola Tinubu ta fara da shawarar ba gidaje miliyan 12 naira 8,000 a wata har wata shida, da aka yi caa a kanta sai ta janye, ta dawo a watan Oktoba da sanarwar naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. Adadin yana da daɗin ji, amma a 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500 kuma hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40 cikin ɗari, naira 25,000 ɗin ba ta wuce dala 16 ko 17 ba, wato daidai da dubu biyar ɗin 2017, ga shi kuma sau uku kawai za a bayar. An faɗaɗa yawan masu karɓa, an taƙaita zaman abin, kuma zaman nasa ne ke da amfani. Sai kuma a watan Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu bisa zargin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata ma'aikaciya, aka kuma dakatar da shirye-shiryen tallafin gaba ɗaya na wani lokaci. Laifin a ofis aka yi zarginsa, amma tukunyar ƙauye ce ta huce.

Hanyar biyan ma ta canja. Da farko wakilai ne ke zuwa da tsabar kuɗi, mata su yi layi tun safe a hedikwatar gunduma ko harabar makaranta, abin da ke da wahala da haɗari. Yanzu an koma tura kuɗi ta asusu, tare da sharaɗin lambar NIN ko BVN, domin a toshe sunayen bogi. Manufar tana da kyau, sai dai tsohuwar da ba ta da waya, ba ta iya karatun boko ba, kuma banki mafi kusa da ita yana da nisan tafiyar awa guda a kan babur, ta koma hannun mai POS. Na taɓa raka gwaggo wurin wani a kasuwar da ke kusa da mu, ya cire kuɗin cajinsa fiye da yadda ya saba karɓa daga 'yan kasuwa, kuma shi ne ya danna mata lambar sirrinta domin ta riga ta faɗa masa tun zuwan farko. Idan aka haɗa cajin da kuɗin acaɓa zuwa da dawowa, wani yanki mai kauri ya tafi kafin a auni tiya ɗaya.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wani salo da ya kamata a duba. Shirinsu, wanda shi ma Bankin Duniya ya tallafa wa, ya riƙa ba mata jaka goma ta sefa, wato sefa dubu goma, duk wata har shekara biyu, kuma a wani gwaji da aka yi a jihohin da suka haɗa da Maraɗi da Damagaram da Tawa, an ƙara wa wasu da horon sana'a da ƙungiyoyin tara kuɗi, wasu daga cikinsu kuma har da jari na jaka tamanin a dunƙule. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa kuɗin shigar matan daga sana'o'insu ya ƙaru, cimar gidajensu ma ta inganta. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, mace ta san ranar farawa da ranar gamawa, saboda haka tana iya tsara abin da za ta bari a hannu kafin a rufe.

Hukuncina a kan shirin namu shi ne, tunanin da aka gina shi a kai ingantacce ne, kuma ya fi rabon buhunan shinkafa da ake tattake mutane a kansu, domin kuɗi yana barin mai gida ta zaɓi abin da ya fi damunta, magani ne ko iri ko hatsi. A fannin zaɓen masu karɓa na ba shi matsakaicin maki, a fannin ba mata na ba shi cikakke, a fannin cika alkawari a kan lokaci da kare darajar kuɗin kuwa ya faɗi. Da za a nemi shawarata, da na ce a sanya ranakun biya da kowa ya sani, a tabbatar biya biyu sun faɗo tsakanin Yuni da Agusta, a kuma riƙa ɗaga adadin gwargwadon farashin hatsi.

Akuyar gwaggo ta haihu sau uku kafin a sayar da ita. Biyu daga cikin 'ya'yanta suna nan a ɗaure a bayan ɗaki, ɗaya kuma an kai ta kasuwa a daminar da ta wuce domin a sayi dawa.