Bayan gudawa: madara ko kindirmo?

A Gombe, mutum na tashi daga gudawa sai a haɗa masa shayi mai kauri da madara, wai ya maida jiki. Ni dai na fi yarda da kindirmo. Gudawa takan taɓa bangon hanji, sinadarin da ke narkar da sukarin madara ya ragu na ɗan lokaci. Shi ya sa wani yana sha ciki ya kumbura, zawo ya dawo.

Kindirmo kuwa ya riga ya yi tsami, ƙwayoyin cikinsa sun cinye wani kaso na sukarin, hanji ya fi karɓarsa. Amma don Allah a dama da tafasasshen ruwa. Jariri kam, kada a tsayar masa da nonon uwa.