Objektif 50mm da na sayo daga Kano: abin da ya yi mini daren kai amarya a Birni

Wata 4 ke nan da na sayi ƙaramin objektif ɗin nan 50mm f/1.8, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kamara, wanda abokan sana'armu na Kano ke ce wa lens. Ba na kamfanin kamarata ba ne, irin ɗan China ne mai sauƙin kuɗi. Ta WhatsApp muka yi ciniki da wani mai shago a Kano, direba ya kawo mini shi har tasha. Kamarata Canon 600D ce, na gaje ta wurin yayana da ya koya mini aikin, kuma tun farko da 18-55mm ɗin da ta zo da shi nake zagaya gidajen suna da biki a nan Damagaram. Da yake ni mace ce, yawancin aikina na cikin gida ne, ɗakin amarya da ɗakin mai jego, inda maza masu hoto ba sa shiga.

Duhun ɗakunan nan ne ya tura ni sayensa. Wanda ya san tsofaffin gidajen ƙasa na Birni ya san abin da nake nufi: bango mai kauri, ƙofa ƴar ƙarama, taga kuwa sai ka nema. Rufin azara ne da ya sha hayaƙi, ko ka ɗaga filash sama don hasken ya dawo a hankali, azarar ce ke shanye shi. In kuma ka haska fuska kai tsaye, hoda ta yi fari fat, goshi ya yi ƙyalli, baya ya yi baƙi ƙirin. Tsohon objektif ɗina in na jawo shi zuwa 55mm, ƙofar haskensa ba ta wuce f/5.6. Wannan sabon yana buɗewa har f/1.8, wato hasken da ke shiga ya kusa ninki 10. Lissafin da na yi ke nan na tura kuɗina.

Ƴan kwanaki da zuwansa aka kira ni wani biki a Birni, can bayan fadar Sarki. Bayan isha aka shigar da amarya ɗakin kakarta don a yi mata faɗa kafin a kai ta. Muna shiga aka ɗauke wuta. Wata yarinya ta kunna fitila mai caji, tsohuwar ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ke ƴar nan, kada ki walƙa mini wannan abin naki a ido, idona ba ya so." Na ce, "To Iya, ba zan kunna ba." A raina kuwa na riga na fid da rai da hoton ɗakin nan, don a da in an hana ni filash a wuri irin wannan, sai dai in rataye kamara in saurari nasiha kamar kowa.

Sai na ce bari in gwada. Na karɓi fitilar na ba yarinyar ta tsaya gefen tsohuwar, ba gabanta ba, ta ɗan ɗaga ta sama da kai. Wata ƙawar amarya na da farin mayafi, na roƙe ta ta zauna ɗaya gefen, don hasken ya bugi mayafin ya dawo ya rage duhun rabin fuskar. Na sa f/2, gudun ɗauka 1/125 na daƙiƙa, ISO, wato ƙarfin jin hasken kamara, 1600. Na zaɓi ɗigon saiti na tsakiya shi kaɗai, na ɗora shi kan idon da ya fi kusa da ni, na jingina gwiwar hannuna da ƙarfen gado, na riƙe numfashi na danna.

Wallahi da na duba bayan kamarar sai da jikina ya yi sanyi. Tsohuwar ta riƙe hannun jikarta, lallen amarya ja wur a cikin tafinta mai tamoji, carbi na lilo a wuyan hannu. Tsagar fuskarta ta fito raɗau, har ɗigon hawayen da ya tsaya a gefen ido bai faɗo ba. Jeren kwanonin da ke bayanta, waɗanda kullum ke cika mini hoto da hayaniya, duk sun narke sun zama launi mai laushi, ba abin da ke jan ido sai fuskar nan. Shekara nawa ina wannan aiki ban taɓa ɗaukar irinsa ba. A da sai na kai ISO 6400 a irin wannan haske, hoto ya fito tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. Wannan kuwa sumul. Hasken fitilar ya ɗan yi shuɗi, amma da yake RAW na ɗauka, wato ɗanyen hoto da kamara ba ta gyara ba, da na koma gida minti biyu ya ishe ni in maido da launin fata daidai a kwamfuta. Na ɗauki kusan 20 a ɗakin nan ba wanda ya san ina ɗauka, ba walƙiya, ba wanda ya gyara zama. Na nuna wa tsohuwar ɗaya, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe haka na koma kamar innata." Ta sa mini albarka. A wannan lokacin da an tambaye ni, cewa zan yi kowace mai hoto ta sayar da abin da za ta sayar ta mallaki wannan objektif.

Ba a yi rabin awa ba ya nuna mini ɗaya halin nasa.

Aka fito da amarya tsakar gida, mata na guɗa, motoci na jira a bakin lungu. Ta zo wucewa ta gaban mahaifiyarta, sai ta saki hannun masu riƙe da ita ta faɗa jikin uwar tana kuka. Duk mai aikin biki ya san wannan shi ne hoton daren, ba a maimaita shi. Na ɗaga kamara na taɓa maɓalli, objektif ya shiga neman saiti. Ya fito, ya koma, ya sake fitowa, yana ƙara kamar ƙaramin injin markaɗe, ya ƙi kama komai. Akwai hasken wayoyi ko'ina a wurin, ba a ce duhu ne ƙirin ba, kuma na sha kama saiti da tsohon 18-55 ɗina a tsakar gidan da bai fi wannan haske ba. Kafin in lalubo ɗan makunnin gefe in mai da shi na hannu, gwaggonni sun ɓamɓare ta sun yi waje da ita. Hotuna 3 na samu, dukansu dishi-dishi, a ɗaya ma bangon baya ne ya fito garau, uwa da ƴa sun zama inuwa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don uwar amaryar da bakinta ta ce mini, "Ƴata, ina wanda muka rungume juna?" Na rasa abin da zan ce mata sai haƙuri. Na rage musu kuɗin aikin ba tare da sun nema ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na tambayi mai shagon tun kafin in biya. Na ce masa aikina na dare ne, kuma ina haɗawa da bidiyo. Ya ce, "Hajiya, kar ki damu, ko a rami yana kamawa, kuma shiru yake." Saƙon muryar yana nan a wayata. Shiru ina? Bidiyon buɗar kai da na ɗauka washegari, duk inda na sake saiti sai ka ji gurnaninsa ya danne muryar mai addu'a. Da na kira shi in canza, tun da ya ce akwai canji cikin sati guda, sai ya ce ai satin daga ranar da ya ba direba ake ƙirgawa, kuma ma ya wuce. Daga nan ya daina ɗaukar kirana.

Akwai kuma abin da bai gaya mini ba, wanda yayana ya fahimtar da ni daga baya. A kamara irin tawa mai ƙaramin sensa, wato farantin cikinta da ke karɓar hoto, ana ninka lambar da 1.6, don haka 50mm yana aiki ne kamar 80mm. In na tsaya mita 3 daga mutane, faɗin da yake ɗauka bai kai mita ɗaya da rabi ba, mutum biyu ko uku ke nan a tsaye. Hoton dangi na mutum 10 sai na ja baya wajen mita 9, kuma a wane tsakar gidan Birni zan samu wannan fili? Ga shi a f/1.8, daga wannan nisan na mita 3, abin da ke fitowa garau kusan santimita 25 ne kawai, taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Layin gaba ya fito, na baya ya dushe. In mutane sun yi layi biyu dole in rufe zuwa f/5.6, kun ga amfanin da na saye shi dominsa ya tafi. Da rana tsaka ma haka: kamarata 1/4000 ce iyakarta, a ranar Damagaram in na buɗe f/1.8 ko a ISO 100 farar shadda ƙonewa take yi, aikin da ke wuyanta ya ɓace. Sai na sauko f/2.8 ko in jawo mutum inuwar bango.

Ƙura kuma ba ta bar shi ba. Bakinsa na shiga yana fita in yana saiti, hunturun nan ɗaya na riga na hango ƴan ɗigo a cikin gilashin. Ba su fito a hoto ba tukuna, amma ina ganinsu.

To yanzu yaya nake da shi? Ban jefar ba, kuma ba zan sayar ba. In amarya ta gama kwalliya na zaunar da ita kusa da ƙofa, hasken safe na shigowa ta gefe, na sa f/2.2, ba abin da nake da shi da ke kama ƙafarsa. In wuri ya yi duhu na daina yarda da shi: nakan kunna allon baya, in ƙara girman ido sau 10, in murza da hannuna. Yana cin lokaci, amma ga mai zaune ba matsala. Da zarar an ce amarya za ta fito, nakan shiga ɗaki in juya baya ga ƙofa saboda ƙura, in mai da 18-55 da filash. Mai kamara ɗaya da ke tunanin wannan kaɗai zai riƙe mata biki daga lalle har buɗar kai, ina ba ta shawara ta dakata. In kuma za ta saya, ta je da kamararta ta gwada shi a lungun shagon da ya fi duhu, ta ji ƙararsa da kunnenta kafin ta miƙa ko dala.

Hoton tsohuwar nan an wanke shi babba har guda 4, ɗaya ya tafi Yamai, ɗaya Agadas wurin ƴaƴanta, kuma ta dalilinsa na samu biki biyu a Zango da Garin Malam. Uwar amaryar kuwa mun haɗu ranar Alhamis a Kasuwar Dole, muka gaisa, ta ce ko na sake dubawa a katin, wataƙila akwai wanda ya fito ban lura ba. Na ce mata zan duba, na koma gida na sake buɗe ukun nan ɗaya bayan ɗaya, suna nan yadda na bar su.