Rashonal ko HEC-HMS, wanne ya dace da gulbin Argungu?

Ƙanena da ka yi tambaya jiya kan aikinka na kammala karatu, cewa kana son lissafa ruwa mafi yawa da gulbi zai iya ɗaukowa a Argungu daga alƙaluman ruwan sama, kuma ka rasa wanne za ka kama tsakanin hanyar Rashonal da HEC-HMS, to ga nawa ganin.

Rashonal tsohuwa ce, tun 1851 wani injiniya mai suna Mulvaney ya kawo tunaninta, kuma ko a bayan ambulan sai ka yi lissafin: C sau I sau A, ka raba da 360. C kason ruwan da ƙasa ba ta shanye ba, I ƙarfin ruwan sama wato milimita nawa a awa, A kuma faɗin wurin a hekta. A ce unguwa ce mai hekta 20, C ɗinka 0.6, I kuma 90, ka samu kubik mita 3 a sakan guda, sai ka je ka zaɓi girman kwalbati, shi ke nan. Matsalarta ita ce ta ɗauka ruwan ya sauka bai ɗaya a ko'ina da ƙarfi iri ɗaya, shi ya sa littattafai da yawa ba sa bari ta wuce wajen hekta 80.

To kai yanzu dubi gulbinka. Ruwan Rima tun daga Katsina da Zamfara da ɓangaren Maraɗi yake taruwa ya bi ta dam ɗin Goronyo, Gulbin Sakkwato kuma ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau ya shiga Bakolori, su haɗu kusa da Sakkwato kafin su gangaro mana. Ai ka sha gani, rana na dukan mutane a Argungu, sama tas ba ko hadari, amma masunta na ta janye kwalekwale sama don gulbi na hawa, ruwan da aka yi kwanaki da suka wuce a wani gari ne ya iso. Rashonal ba ta san da wannan ba sam.

Nan HEC-HMS ta fi ta nesa ba kusa ba. Manhaja ce ta injiniyoyin sojan Amurka, kyauta ake sauke ta. Za ka yanyanka yankin gida-gida, kowane ka ba shi lambar CN, wato lambar da ke nuna yawan ruwan da zai gudu bai nutse ba, daidai da ƙasarsa, don jigawa shanye ruwa take yi, laka kuwa turo shi take, sannan ka sa lokacin da ruwa ke ɗauka a hanya, ka sa dam-dam ɗin da abin da suke saki. Kuma ba lamba ɗaya za ta ba ka ba, za ta nuna yaushe ruwan zai kai ƙololuwa da kwana nawa zai yi kafin ya janye, wanda wallahi ga mai shinkafa a fadama wannan ne zancen, duk wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya sani. Ka kula da jiƙar ƙasa fa, ruwan da ƙasa ta lashe a Yuni shi ne zai zama ambaliya a ƙarshen Agusta in ta riga ta ƙoshi.

Amma kar kyan zanen kwamfuta ya ruɗe ka, in ba ka gwada sakamakon da ainihin awon gulbi ba to hasashe ne kawai. Nemi alƙaluman ruwan sama a hukumar yanayi ta NiMet, na gulbi a hukumar awon ruwa ta NIHSA da hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, inda aka samu giɓi ka cike da CHIRPS, awon ruwan sama na tauraron ɗan adam da ya faro daga 1981. Yadda ruwa ke bazuwa a fadama kuma aikin wata manhajar ce daban, HEC-RAS.

Ni dai HEC-HMS zan ce ka ɗauka, ka bar wa kwalbati Rashonal. Kuma ka ware rana guda ka ɗauki tef ka je gindin gada da gidajen bakin gulbi, dattawa su nuna maka layin da ruwan 2020 ya bari a bango, ka auna ka rubuta, in lissafinka ya tsaya ƙasa da layin nan ka koma ka duba CN ɗinka.